Farin Ƙyalle da Mutuncin Ɗiya Mace

Wani dare, ina tsakiyar gabatar da shirin zamantakewar iyali a gidan rediyonmu a nan Maraɗi, wata dattijuwa ta kira. Ba ta faɗi sunanta ba, ni ma ban tambaya ba. Ta ce: "Ɗiyata, tambaya gare ni. Jikata aka kai ɗaki ranar Juma'a, Asabar da hantsi ango ya aiko a zo a ɗauke ta, wai bai ga jini ba. Yarinyar nan a hannuna ta tashi, ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba ta taɓa sanin namiji ba. To wa zan gaskata, ita ko ƙyalle?"

Na ce: "Inna, ki yi haƙuri, kada ki yanke mata hukunci tukuna." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, domin a daren ni kaina ban da amsa. Tun muna yara muka taso muna jin cewa ɗiyar kirki ita ce wadda aka wayi gari aka yi mata guɗa, aka kai wa iyayenta tukuici. Daga baya na gayyato wata ungozoma cikin shirin, na kuma shiga karance-karance, abin da na tarar shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tambayata ita ce: shin ya halatta a auna mutuncin mutum da alamar da ke jikinsa, alhali alamar ba ta da tabbas?

Mu fara da abin da ake kira tantanin budurci. Yawancinmu mun ɗauka wani marfi ne da ya toshe gaban mace, kamar bakin kwalbar da ba a buɗe ba, sai daren farko a fasa shi. Likitoci sun ce ƴar siririyar fata ce da ta kewaye bakin farji, kuma tana da ƙofa tun ranar haihuwa. Hankali ma ya isa ya nuna haka: in da a toshe take, ta ina jinin haila zai fito? Ƴan ƙalilan da ake haifa da ita a rufe ruf, lalura ce gare su, jinin al'ada yakan taru a ciki ya sa ciwon mara mai tsanani, sai an yi musu ƙaramin aiki a asibiti. Sannan siffarta ta bambanta daga mace zuwa mace, kamar yadda kunne da hanci suka bambanta. Ta wata kauri gare ta, ta wata sirara ce da ƙyar ake ganinta. Idan yarinya ta balaga, sinadaran jikinta kan sa fatar ta yi laushi, ta riƙa miƙewa, shi ya sa a wurin mata da yawa ba ta yagewa ko kaɗan. Jijiyoyin jinin da ke cikinta kuma kaɗan ne.

A shekarar 1998 wata likitar mata a Ingila mai suna Sara Paterson-Brown ta tambayi abokan aikinta mata 41 game da kwanciyarsu ta farko, 26 daga cikinsu suka ce ba su ga jini ba. A shekarar 2004 kuma wasu likitoci a Amurka suka duba ƴan mata 36 da ke ɗauke da ciki, a jikin biyu kacal suka sami alamar da za a iya cewa tabbas an sadu da su. Mai karatu, ka tsaya ka yi tunani a nan. Yarinya da ciki a jikinta, amma ƙwararren likita da kayan aikinsa bai ga shaida a tantanin ba. To ina ga ango cikin duhu, ko gwaggo mai duba zanen gado da safe? Saboda irin waɗannan dalilai ne, a watan Oktoba na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya tare da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka bayyana cewa babu wani gwaji da zai iya tabbatar da budurci, suka nemi a daina shi. Faransa ta hana likitoci ba da takardar shaidar budurci a 2021, Birtaniya ta haramta gwajin da kuma ɗinkin tantanin a 2022.

Jinin da akan gani fa, daga ina yake? Wani lokaci daga tantanin ne, sau da yawa kuma rauni ne kawai. Amarya tana cikin tsoro, jikinta a ɗaure, ango yana gaggawa domin abokai na jira a waje, sai a ji mata ciwo. Idan ƙaramar yarinya ce, raunin ya fi muni. Ke nan mijin da ya bi matarsa a hankali, da tausayi, ya fi kusa da rashin ganin jini fiye da wanda ya far mata da ƙarfi. Al'adar da ke neman jini, ba tare da ta sani ba, tana yaba wa mai mugunta ne tana sa mai tausayi cikin zargi.

Akwai wani abin mamaki a cikin gidajenmu. A ƙasar Hausa an daɗe ana kiran wanzami ya cire wa jaririya abin da ake kira angurya, wato ya yanke naman da ke bakin gabanta, wanda sau da yawa shi ne tantanin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan cikin nau'o'in kaciyar mata, dokar Nijar kuma ta haramta kaciyar mata tun 2003. To dubi wannan: an yanke abu da aska tana ƴar kwanaki a duniya, bayan shekara goma sha bakwai a ce ta kawo shi ko a kira ta ƴar iska. Wannan wane irin adalci ne?

Wani zai ce duk wannan zancen Turawa ne. To mu koma ga malamanmu. Tun ƙarnoni da suka wuce malaman fiƙihu suka rubuta cewa tantanin na iya gushewa ba tare da namiji ba, ta hanyar faɗuwa ko rauni ko makamancin haka, kuma wadda hakan ya same ta hukuncin budurwa na nan a kanta. A cikin Suratun Nur, wanda ya jefi mace kamammiya da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ne hukuncinsa, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Shari'a shaidu huɗu ta nema, mu kuma muka ce ƙyalle ɗaya ya isa. A cikin wannan surar ne aka wanke Nana A'isha daga ƙazafin da aka yi mata a Madina, aka kuma tsawata wa waɗanda suka riƙa yaɗa maganar ba tare da sani ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin mutumin da aka nemi auren ƴar'uwarsa, sai ya tona wa mai neman wani kuskure da ta taɓa yi. Da labari ya kai wa Sayyidina Umar, sai ya buge shi ko ya kusa bugunsa saboda wannan tonon asiri. Idan wadda ta yi kuskure na gaske ma an ce a rufa mata asiri, ina ga wadda zato kawai ake yi mata?

Na san hujjar da iyayenmu mata ke riƙe da ita, kuma ban raina ta ba. Sukan ce tsoron ranar ƙyalle shi ke tsare ƴan mata, in aka cire shi sai tarbiyya ta lalace. Manufarsu mai kyau ce, kamun kai abu ne mai daraja, ba ni da ja a kansa. Amma mai gadin da ke kama masu gida yana barin ɓarawo ya wuce, me ya tsare? Wadda ta san ta yi wani abu ita ce ke shiryawa tun kafin biki: jinin kaza, ko haɗe-haɗen matsi da ake cusawa masu ƙona jiki su jawo ciwo, ko ɗinki ga mai kuɗi. Wadda ba ta san komai ba ita ke shiga ɗaki da zuciya ɗaya, ita ce kuma ake korowa. Tarbiyyar da aka gina kan tsoron a kama ka, dabarar ɓoyewa take koyarwa. Wadda aka gina kan tsoron Allah da sanin darajar kai ita ce ke tsare mutum ko babu mai ganinsa.

Sai kuma tambayar da ba a so a yi: shi ango wa ya duba shi? Addini bai sassauta wa namiji a kan zina ba, hukuncinsu ɗaya. Amma sai ka ga wanda duk unguwa ta san yawonsa, shi ne ke zaune a matsayin alƙali a daren farko. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kada mu manta kuma da yaran da aka yi wa fyaɗe. Wadda aka zalunta tana shekara tara, ta girma da ciwon a ranta, a daren aurenta kuma a sake hukunta ta a kan laifin wani. Mutunci yana tare da abin da mutum ya zaɓa ya aikata da saninsa da yardarsa. Abin da aka yi masa da ƙarfi, ko yadda Allah ya halicci jikinsa, ba ya cikin lissafi.

Magana zarar bunu ce. Yarinyar da aka mayar gida washegarin biki, ko da daga baya gaskiya ta fito, sunan ya riga ya bi ta, ya bi ƙannenta, uwarta ta daina shiga taron suna. Shi ya sa nake roƙon masu wa'azin aure, da ungozomomi, da mu masu riƙe da makirfo, mu riƙa faɗa wa samari wannan tun kafin a ɗaura: budurwa na iya yin jini, tana iya rashin yi, duka biyun lafiya ne.

Dattijuwar nan ba ta sake kira ba. Duk daren da na buɗe layi ina sa ran jin muryarta. In Allah ya sa wannan rubutu ya kai ga wani na kusa da ita, a isar mata da amsar da na kasa ba ta a wancan dare: Inna, ki gaskata jikarki. Ke kika raine ta, kin san halinta shekara da shekaru, ƙyallen kuwa bai san komai ba.