MAI JAKA A CIKI: WA YA KAMATA YA JI KUNYA?



Akwai wani dattijo a nan Kalmalo da ba ya rasa sahun farko, sai muka daina ganinsa har wata huɗu. Da na je gaishe shi, ya ɗaga riga ya nuna mini jaka manne a cikinsa. Taifod ce ta huda masa hanji, likitoci a Sakkwato suka fito da bakin hanjin ta gefen ciki. Yanzu bayan gida a jakar yake zuba, ba da ikonsa ba.

Ya ce, "Malam, ba ciwon ne ya zaunar da ni ba. Ranar kasuwa na shiga bayin haya in zubar da jakar. Ba ruwa, ba inda zan rataya riga, ƙofa ba sakata. Ana ta bugawa, wani yana cewa ko na mutu ne a ciki? Da na fito aka toshe hanci. Tun ranar ban sake shiga taro ba, kuma ban san ko sallata tana karɓuwa ba."

Na ce, Baba, sallarka lafiya lau. Malamanmu na Malikiyya sun ce abin da ke fita ba da ikon mutum ba, idan ya cinye rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala. Sabuntawa mustahabbi ne in babu wahala, kuma an yi rangwame a najasarsa. Wasu mazhabobi sun ce ya yi alwala ga kowace salla. A kan wannan malaman zamani suka yi ƙiyasin jakar. A Bukhari, Nana A'isha ta ba da labarin wata matar Annabi (SAW) da ta yi i'itikafi tana fama da jinin ciwo, har ana sa mata tasa a ƙarƙashinta tana salla. A cikin masallaci fa! Ba wanda ya kore ta.

Wani zai ce, ai an hana wanda ya ci tafarnuwa zuwa masallaci. To, mai tafarnuwa shi ya zaɓi ya ci. Wannan bawan Allah me ya zaɓa? Kuma jakar da ta manne da kyau ba ta wari.

Ga mai jaka: ka zubar kafin ka bar gida, kada ka bari ta wuce rabi. Ka riƙe buta, sabulu, leda da jakar canji. Ranar tafiya ka rage wake, albasa da lemon kwalba, suna tara iska. Ka yawaita shan ruwa a zafin nan namu, maganar azumi kuma ka fara tambayar likita.

Ga sauranmu: daga Illela zuwa Ƙonni, masallatai nawa muka sa wa tayil da fanka, bayinsu ko sakata babu? Sakata, ƙusa a bango, randar ruwa da kwandon shara, nawa za su ci? In mutum ya jima a bayi, yi haƙuri, ba ka san abin da ke ƙarƙashin rigarsa ba.

Shari'a ta buɗe masa ƙofa, mu muka rufe. Juma'ar nan zan biya in ɗauko shi. Wa zai kawo mana sakata?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri. Amin.