Faifan Garmaho da Hannun Mai Wanki

A tsofaffin gidajen Isa da Sabon Birni, cikin adakar gado, akan tarar da fayafayan garmaho jibge, ƙurar hunturu ta cike layukansu. Matashin da ya taso da labarin Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, in ya ci karo da su, ɗokin jin muryar mutanen da ne zai sa ya ɗauko Omo da soso ya dirje su. Abin lura a nan shi ne, ƙura takan shekara hamsin a kan faifai ba ta kashe shi ba, amma mai kyakkyawar niyya ya gama da shi kafin la'asar.

Tun farko bai tambayi da me aka yi abin ba. Faifai iri biyu ne. Akwai mai nauyi, mai juyi 78 a minti, wanda in ya faɗi sai ya tarwatse kamar tangaran. Da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya ake haɗa shi, kuma sifirit narkar da wannan ƙaro yake yi. Ɗigo kaɗan ya isa ya lalata layukan da ya taɓa har abada. Na biyun, mai juyi 33 ko 45, roba ce. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da mai 33 a 1948. Na roba, sifirit kaɗan a ruwa ba ya cutar da shi, zafi ne abokin gabarsa. A shanya shi a ranar bazara ta Gobir, sai ya kwarkwaɗe, allura ta riƙa tsalle a kansa.

Wankin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. A fara kaɗe ƙurar da buroshi mai laushi tun faifan yana bushe, domin yashi in ya jiƙe aka goga, shi ne ke karce layukan. Ruwan rijiya ko na gulbi, ko da ido ya ga ya kwanta garau, yana barin gishiri a cikin layi idan ya bushe, a ji waƙa tana ƙas-ƙas. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ya fi. Sai dai a tambayi mai cajin batir da kyau, don a shagonsa akwai asid, kuma a ido ba a bambance su. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka ya ishi kwano guda.

A sa tsumma mai taushi a bi layin a zagaye, yadda allura ke bi, kada a ratsa shi. Takardar tsakiya kuwa a kiyaye ta daga ruwa. Ni ina ganin ta kai rabin darajar faifan, tunda a kanta sunan makaɗi da na kamfani suke, kuma dattawan da za su gane murya da ji ɗaya suna ta ƙaranci.

Bayan ɗauraya, a jingine shi tsaye a inuwa har ya bushe sarai. Mai 78 kada ya daɗe a ruwa. In garmahon mai allurar ƙarfe ne, na 78 kaɗai yake ci, kuma kowane gefe da sabuwar allura. Aka ɗora masa na roba, juyi ɗaya zai rarake shi.