Waiwaye adon tafiya ne, ko kuwa kaya ne?

A ƙasar Burtaniya akwai mutanen da ke tsayuwa a bakin dogo cikin sanyi da yayyafi, suna jiran kan jirgin ƙasa ya gitta su ɗauke shi hoto, su rubuta lambarsa. Mai hange daga nesa zai ce rashin aikin yi ne, har ya jawo karin magana: kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Amma tambayar ta fi haka nauyi. Wane hakki aikin da ya ƙare yake da shi a kan waɗanda suka ci moriyarsa?

A watan Agusta na 1968 hukumar jiragen ƙasar ta daina aiki da injuna masu tururi. An sayar da su ga masu yanka tsofaffin ƙarafa. A garin Barry na yankin Wales, wani fili ya karɓi 297; masu sha'awa suka riƙa haɗa kuɗi suna fansarsu ɗaya bayan ɗaya, har 213 suka tsira. Da kowa ya ce abin da ya wuce ya wuce, da an narkar da su duka.

Sai dai hoto yana da iyaka. Yana kama ƙarfe da hayaƙi, ba ya kama amana. Mu dubi benen sigina. Na Shrewsbury, mai sandunan ja 180, yana aiki har yanzu, kuma kowace sandar da ake aiki da ita hanya take buɗewa ko rufewa ga jirgi cike da rayuka. A 1915, a Quintinshill, masu sigina biyu suka manta da wani jirgi da ke tsaye kan layi, mutane fiye da 200 suka halaka, yawancinsu sojoji. Ashe dubban ma'aikatan da ba su taɓa mantawa ba, su ne babu wanda ya san sunansu. Wanda ya yaba kyan bene ya manta da mai kwana a farke cikinsa, rabin gaskiya ya adana.

Saboda haka waiwaye yana zama ado in ya kai mu ga mutum, yana zama kaya in ya tsaya ga ƙarfe.

Mu ma abin ya shafe mu. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana bin sa zuwa teku. A 2021 aka ɗora harsashin layin Kano zuwa Maraɗi. Tsofaffin da suka yi dakon buhunan gyaɗa suna ƙarewa. Malamai da ƙungiyoyin al'adu, ku aika ƴan makaranta su zauna gabansu da alƙalami, tun suna iya ba da labari da bakinsu.