Amanar Da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Jama'a, ga wata magana wadda ta kamata mu auna. Akwai wani fannin ilmi da samari ke shiga bayan sun sami digiri na fari, su yi shekaru suna koyon tono kayan mutanen dā waɗanda ruwa ya binne, da dabarar adana su. Sai wani ya ce, "Ashe mai hankali ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ruɓaɓɓen itace, alhali ga masu rai suna neman abinci?"

Maganarsa da nauyi. Don abinci aka datse Gulbin Sakkwato a Bakolori, kusa da Talata Mafara, aka gama a 1978, domin a yi noman rani har ƙasar Bakura. Amma ruwan ya ci ƙauyuka da gonaki a ƙasar Maradun, dubban mutane suka tashi. A 1980 manoma suka tsaya kan diyya, aka kashe da yawa. To, gona ana iya yi mata kuɗi. Kufan kakanni fa, wa ya san tamaninsa?

Ku duba abin da ruwa kan ɓoye. A 1987 wani Bafillace yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙasar Yobe ta yau, ya tarad da kwalekwale. A 1994 masanan jami'o'in Maiduguri da Farankfot suka fid da shi: tsawonsa ya wuce mita 8, shekarunsa wajen 8,000, ba a san wanda ya girme shi a Afirka ba. Da an faskare shi, da shaidar gwanintar masassaƙan ƙasarmu ta tafi a murhu.

Ga kuma dalilin dogon karatun. Itacen da ya daɗe a jiƙe, ruwa ne ke riƙe da shi. In ya bushe da gaggawa sai ya tsage ya lanƙwashe. Jirgin Vasa na Suwidin ya nutse a 1628, aka fid da shi a 1961, aka shekara 17 ana fesa masa magani mai kama da kakin zuma. Watau mai tonowa ba da sani ba, ɓarna ya yi.

Saboda haka abin da ruwa ya rufe amana ce, gama masu shi ba su da bakin magana, magadansa kuwa ba a haife su ba tukuna. Ƙasar da ta horad da masu datse gulbi, wajibi ne ta horad da masu tsare abin da gulbin ya haɗiye.