Ƙungiyar 'Yan'uwantaka a Kwaleji: Riba ce ko Hasara?

Yaro ya ci jarrabawa, ya tafi makaranta mai zurfi a garin da bai san kowa ba. Ba a jima ba sai waɗansu samari su zo su ce masa, shiga ƙungiyarmu ka zama ɗan'uwanmu har mutuwa. Ya shiga, ko kada ya shiga? Tambayar nan ta shafi iyaye da 'ya'ya duka, don haka bari mu duba ta a hankali.

Al'adar nan a Amurka ta yi ƙarfi. A shekara ta 1776 waɗansu ɗalibai na Kwalejin William da Mary suka kafa Phi Beta Kappa, da rantsuwa da alamu na asiri. Daga nan irinta suka yaɗu, ta maza dabam, ta mata dabam, yawancinsu da suna na haruffan Helenanci. Sau da yawa 'yan ƙungiya su kan zauna gida ɗaya, su ci tare, su biya kuɗi kowace shekara.

Kada mu ce babu amfani a ciki, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1906 ɗalibai baƙar fata guda 7 suka kafa Alpha Phi Alpha a Jami'ar Cornell, a zamanin da a ke ware su saboda launin jikinsu. Suka riƙe juna, suka taimaki na baya. Martin Luther King ɗan ƙungiyar nan ne. Baƙon da ya sami abokai masu tsare shi daga kaɗaici, masu taya shi karatu, lalle ya sami abu mai daraja.

Amma fa a duba ƙofar shiga. A wurare da yawa sai an wulakanta sabon shiga tukuna, ko a dūke shi, ko a tilasta masa shan barasa. A watan Fabrairu 2017, a wata jami'a ta Jihar Fensilbaniya, aka ɗirka wa wani saurayi mai shekara 19 barasa a daren karɓarsa, ya faɗo daga matakala ya ji ciwo ƙwarai. Waɗanda su ke kiransa ɗan'uwa suka yi wajen sa'a 12 ba su kira masu taimako ba, ya kuwa mutu. Ƙungiya suka tsare, suka bar mutum. Abin ya yi yawa har a Disamba 2024 Amurka ta kafa doka, wajibi ne kwalejoji su riƙa bayyana irin wannan aika-aika.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. A 1952 Wole Soyinka da abokansa 6 suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Badun, nufinsu su yaƙi ƙabilanci da girman kai. Daga baya waɗansu suka ɓalle, waɗansu kuma suka kafa nasu, aka shiga gaba da makamai. Ran 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka kashe ɗalibai 5 a jami'ar Ile-Ife. Ba mu ce na Amurka da namu ɗaya su ke ba, gama nasu doka ta san da su. Duk da haka cutar ɗaya ce: rantsuwa a kan abin da ba a gani ba tukuna, da alkawarin yin shiru.

A nan ne maganar ta ke. Wanda ya rantse zai yi biyayya tun bai san abin da za a umurce shi ba, ya yi cinikin biri a sama, ya kuma ba da lamirinsa jingina. Ku tuna da sarki Hirudus. Ya rantse wa yarinya a gaban baƙinsa tun bai ji roƙonta ba, da ta roƙi kan Yohanna Mai Baftisma sai kunyar mutane ta fi ƙarfin tsoron Allah.

Zumunci na gaskiya ba ya bukatar duhu. Phi Beta Kappa kanta ta soma barin asiri a 1831, yau kuwa ƙungiya ce ta girmama ɗalibai masu ƙwazo, darajarta ba ta ragu ba. A ƙasarmu akwai Zumuntar Ɗalibai Kirista wadda aka kafa a Gindiri a 1957, taronta a fili, ƙofarta a buɗe.

Saboda haka, ya ɗalibi, kafin ka ba da sunanka yi tambaya uku. Za a gaya mini ka'idodi duka kafin in yi alkawari? Zan iya faɗa wa mahaifiyata abin da aka yi a daren shiga? In na ga mugunta, ina da ikon in faɗa, in kuma fita lafiya? In amsa ta zama i sau uku, kuɗin kuma bai fi ƙarfin gidanku ba, shiga, ka yi wa 'yan'uwanka hidima. In ɗaya ta zama a'a, gara kaɗaicin 'yan watanni da wannan 'yan'uwantaka.

Ku iyaye kuma, kada ku tambayi 'ya'yanku sakamakon jarrabawa kaɗai. Ku tambaye su da wa su ke zama, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.