Haƙƙin Wanda Ba Ya Kuka

Zomo ya gaji ɓoye ciwo, domin a daji mai rauni ake fara farauta. Da muka kawo shi gida ma bai sake hali ba. Haƙoransa 28 ba sa daina tsiro, in babu ciyawar tauna sai su yi tsini su yanke masa harshe. Idan ya yini bai ci ba, hanjinsa na iya tsayawa. Duk da haka lungu zai samu ya yi shiru.

Shin shirun nan ya sauke mana nauyi? Ko kusa. Mu muka raba shi da daji, saboda haka duba cinsa da kashinsa kullum safiya ya rataya a wuyanmu. Wanda ba ya iya kai ƙara, haƙƙinsa ya fi nauyi.