Gatarin Kaka: Shi Ne, Ko Ba Shi Ba Ne?

'Yan'uwa ɗalibai, ga wata tambaya da nake so mu tauna. A Ambursa, kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, da wuya manomi ya jefar da gatarin da ya gada. In ƙota ta tsage, sai masassaƙi ya sassaƙa wata, a gasa tsinin ruwan gatarin ya yi ja, a soka shi ya huda mazauninsa. In baki ya dakushe, maƙeri ya sa shi a wuta ya koɗa shi. Kowace koɗa kuwa tana cin ƙarfe, har wata rana ruwan ya ƙare, a ƙera sabo da sifirin mota. To, an sake ƙota, an sake ruwa, amma mai shi yana rantsuwa gatarin kakansa ne. Ƙarya yake yi?

Girkawa sun riga mu wannan gardama. Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tesiyus, wanda mutanen Atina suka riƙa sake masa katako duk sa'ad da wani ya ruɓe. A 1655 Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara dagula lissafi: in wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake haɗa su, wanne ne jirgin asali?

Ni dai ina bayan manomin. Dubi takubba da masu da ke Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. Ƙarfensu na asali ne, ba mai koɗa su, ba kuma mai ɗaukarsu aiki. Ba na raina ajiyarsu, domin da su muke karatun tarihin Kabi. Amma abin da manomi ya gada daban ne, watau nauyin da hannun gidansu ya saba da shi, da tsawon ƙota, da lanƙwasar baki. Shi ya sa yake tsayawa a kan maƙeri yana cewa a yi masa irin na da sak.

Sai dai akwai iyaka. Ran da ya kai gatarin kasuwa ya ce wa mai saye ƙarfen zamanin kaka ne, don a ƙara masa kuɗi, maganar da take gaskiya a cikin gida ta zama zamba, gama mai sayen ƙarfe yake biya, ƙarfen kuwa na mota ne.